Maƙerar da Ta Girmi Dala

Mu da muke zaune a Hotoro mun saba da abu biyu: jerin tankokin mai da ke kwana a bakin daffo suna jiran lodi, da tartsatsin 'yan walda da ke haska gefen titin Maiduguri bayan magariba. Ba kasafai muke tambayar kanmu daga ina abin da ke cikin tankar ya fito ba, balle rodin da mai walda yake ɗinkewa. In an matsa mana sai mu ce mai daga Kudu yake, ƙarfe kuma daga kamfani. Ba ƙarya muka yi ba, sai dai mun faɗi zangon ƙarshe ne kawai na doguwar tafiya. Kamfani yana narka ƙarfe, ya tace shi, ya miƙar da shi, ya yanka, amma ko ƙwaya ɗaya bai taɓa samarwa ba. Tarar da shi ya yi, kamar yadda kakanninmu suka tarar da shi a gindin Dala. To wa ya ƙera ƙarfen kafin ya zo hannun maƙeri? Masana sun shafe fiye da shekara 100 kafin su haɗa amsar, kuma amsar tana da abin da za ta gaya mana game da ruwan da ke fitowa daga Sharada da Challawa da Bompai a yau.

Tama a gindin Dala

Kano garin ƙarfe ce tun kafin ta zama garin fatauci. Labarin da Abagayawa suka gada ya ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna. Masu tonon kayan tarihi sun gano ragowar tanderun narka tama a wajen dutsen, gwajin da aka yi wa gawayinsa kuma ya nuna ƙarni na 7 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan an yi shekaru ɗaruruwa ana hura wuta a Dala kafin Bagauda, wanda lissafin da H. R. Palmer ya yi wa littafin tarihin sarakunan Kano a 1908 ya sa mulkinsa daga 999 zuwa 1063. Can kudu da mu kuwa, a Taruga kusa da Abuja, mutanen Nok sun narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Aikin da maƙeran tama suke yi yana da wuya, amma ma'anarsa mai sauƙi ce. Marmarar da ke rufe da kan Dala ja ce saboda ƙarfen da ke cikinta ya haɗu da iskar oksijin, wato tsatsa ce ta halitta. Sai a gina tanderu na laka, a jera tama da gawayi, a hura har zafi ya kai wajen digiri 1,200. A wannan zafin gawayi yakan fizge oksijin ɗin daga jikin tama, duwatsun da ke gauraye da ita su narke su gangara su zama kashin maƙera, a bar dunƙulen ƙarfe. Daga nan maƙeran baƙi su ɗora shi a kan uwar maƙera, su fitar da fartanya da garma da lauje da takobi da linzami. Da wannan ƙarfen aka nome ƙasar Kano, da shi aka haƙa ƙasar da aka gina ganuwa.

Abin lura shi ne, wutar tanderu raba aure kawai take yi tsakanin ƙarfe da oksijin. Ƙarfen yana nan a cikin dutsen tun kafin a kunna ta.

Abin da wuta ba ta iyawa

Duk abin da muke taɓawa haɗi ne na wasu 'yan sinadarai na asali, waɗanda ƙonawa ko narkawa ko jiƙawa ba sa mayar da su wani abu daban. Ruwa haidurojin ne da oksijin. Gishirin Bilma sodiyam ne da kulorin. Kanwa ta ƙunshi sodiyam da kabon da oksijin. Man da ke cikin tankokin Hotoro kusan dukansa kabon ne da haidurojin. A 1869 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadaran asali 63 da aka sani a lokacin a cikin jadawali guda. Yau an san 118, wajen 90 daga cikinsu ana samun su a ƙasa da ruwa da iska.

Abin da ya bambanta wani sinadari da wani yana can cikin cibiyar ƙwayar zarrarsa, inda ƙananan ƙwayoyi iri biyu suke cure, furoton da niyuturon. Yawan furoton shi ne sunan sinadari. Mai ɗaya haidurojin ne, mai 2 hiliyam, mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 24 kuromiyam, mai 26 ƙarfe, mai 50 kuza, mai 79 zinariya, mai 82 dalma, mai 92 yuraniyam. Tsakanin dalma da zinariya furoton uku ne kacal. Masu neman juya dalma ta koma zinariya, a Bagadaza da Alƙahira da Turai, sun ƙare ƙarnoni a kan wannan ukun ba tare da sun san su ba, kuma daga sunan da Larabawa suka ba sana'ar tasu muka samo kalmarmu ta kimiyya. Abin da ya kayar da su shi ne, wutar gawayi iyakarta bayan ƙwayar zarra, ba ta isa cibiya. Furoton da furoton ture juna suke yi, kuma ba sa yarda su haɗu sai an kai zafin miliyoyin digiri. A duniyar nan babu murhun da ya kai haka. Dole a nemi maƙerar a wani wuri.

Yadda aka karanta hasken taurari

A 1835 wani masanin falsafa Bafaranshe, Auguste Comte, ya kawo sinadaran taurari a matsayin misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba. Bai san cewa mabuɗin ya riga ya zo hannu ba. Tun 1814 wani mai gyaran gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer, ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ga baƙaƙen layuka fiye da 500 sun ratsa su, amma bai san ma'anarsu ba.

Ma'anar ta fito a 1859 a hannun Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a garin Heidelberg. Mu ma mun san farkon abin da suka gani. In gishiri ya zuba a wuta, harshenta yakan koma ruwan ɗorawa. In 'yan gwangwan suna ƙona waya don su ciro jan ƙarfe, wutar takan yi kore. Kowane sinadari yana da launukansa da layukansa, kamar yadda kowane gida yake da zanen fuskarsa a da. Da suka gwada layukan ƙarfen da suka ƙona a ɗakin gwaji da na hasken rana, sai suka ga sun faɗa wuri guda. Akwai ƙarfe a rana, akwai sodiyam. A 1868, shekarar da aka yi husufin rana a Indiya, aka ga wani layi da bai dace da komai na duniya ba. Norman Lockyer na Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka raɗa masa hiliyam daga sunan rana a harshen Girka. Sai a 1895 aka same shi a nan ƙasa.

Masana sun ɗauka cewa rana da duniya kayan haɗinsu ɗaya ne, wato ƙarfe da duwatsu ne suka fi yawa. Wadda ta rushe wannan zaton wata matashiya ce 'yar Ingila, Cecilia Payne, a kundin digirinta na uku a Harvard a 1925. Lissafinta ya nuna cewa taurari kusan ɗungurungum haidurojin ne da hiliyam, sauran sinadarai ɗan barbaɗe ne kawai. Babban malamin falaki na Amurka a lokacin, Henry Norris Russell, ya ce abin ba zai yiwu ba, har ta sassauta maganarta a cikin kundin. Bayan shekara huɗu shi da kansa ya bi wata hanya ya iso inda ta tsaya.

Daga nan tambaya ta zama biyu. Me ya sa sinadarai biyu mafi rashin nauyi suka cika sararin samaniya? Kuma ɗan ragowar, wanda da shi aka yi ƙasa da jikinmu, daga ina yake?

Mintunan farko

A 1927 Georges Lemaître na Beljiyam, sannan a 1929 Edwin Hubble na Amurka, suka nuna cewa gungunan taurari suna ta nesanta da juna, sararin da kansa buɗewa yake yi. In haka ne, a can baya komai a matse yake, da zafin da ba ya misaltuwa. Ma'aunin yau ya sa farkon wannan buɗewar a shekara biliyan 13.8 da suka wuce. Ita ce ake kira Babbar Fashewa, sunan da Fred Hoyle ya fara furtawa a wani shiri na rediyon BBC a 1949, alhali shi bai yarda da ra'ayin ba har ya rasu.

George Gamow da ɗalibinsa Ralph Alpher sun ga cewa ga murhun da ake nema. A 1948 suka buga lissafinsu, suna fatan nuna cewa duk sinadarai a nan aka dafa su a zama guda. Rabin fatansu ya cika. Cikin daƙiƙar farko furoton da niyuturon sun samu. Da aka kai wajen minti 3, zafi ya sauko zuwa digiri biliyan guda, suka fara manne wa juna suna zama hiliyam. Kafin minti 20 wuri ya huce, girki ya tsaya. Abin da aka sauke, in an auna da nauyi, kusan kashi 75 cikin 100 haidurojin ne, kashi 25 hiliyam, sai ɗan ƙyas na litiyam. Wannan rabon shi ne ake gani har yau a tsofaffin taurari. A shekarar ce kuma Alpher da Robert Herman suka ce lalle ɗumin wancan zamani yana nan ya saura a ko'ina, kuma a 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suka ci karo da shi suna gyaran wata babbar eriya a Amurka.

Amma girkin bai wuce nan ba. Cibiyar hiliyam ƙwayoyi 4 ce, furoton biyu da niyuturon biyu. In an ƙara mata ɗaya ta zama 5, nan take take wargajewa. In an haɗa biyu suka zama 8, haka. Kamar mai hawa matakalar Dala ne ya tarar taki na biyar da na takwas sun rufta, ga shi kuma lokaci ya ƙure. Babu kabon, babu oksijin, babu ƙarfe.

Saboda haka rabin labarin tankar Hotoro ya fito. Haidurojin ɗin da ke cikin man, da wanda ke cikin ruwan randarmu, daga wannan daƙiƙar ta farko yake, ya girmi rana da wata da kowane tauraro. Abokin zamansa kabon sai da ya jira.

Maƙerar cikin tauraro

Bayan shekara miliyan 100 ko fiye, nauyi ya tattara haidurojin da hiliyam wuri-wuri, suka matsu har cikinsu ya yi zafi, taurarin farko suka kama. Tun 1920 Arthur Eddington ya yi hasashen cewa hasken rana daga haɗuwar haidurojin zuwa hiliyam yake fitowa, a 1939 kuma Hans Bethe ya zayyana matakan. A tsakiyar ranarmu zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma kowace daƙiƙa tana juya haidurojin tan miliyan 600, wajen tan miliyan 4 daga ciki ya zama haske da zafi. Shi ne yake busar mana da shanya, shi ne yake nunar da gero.

Saura matakalar da ta rufta. A cikin tauraron da ya tsufa, inda zafi ya kai digiri miliyan 100, hiliyam biyu sukan haɗu na ɗan lokacin da ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. In na uku ya riske su kafin su rabu, kabon ya samu. Edwin Salpeter ya lissafa wannan a 1952, amma abin da lissafin ya bayar ya yi kaɗan. Sai Hoyle ya juyo da tambayar ta baya. Ya ce tunda ga kabon nan birjik a duniya, lalle cibiyarsa tana da wani mataki na ƙarfi da ke sauƙaƙa haɗuwar ukun, har ya faɗi inda za a same shi a ma'auni. A 1953 ya je Caltech a Kalifoniya ya matsa wa masu ɗakin gwajin William Fowler su duba. Ward Whaling da abokan aikinsa suka duba, suka same shi dab da inda ya ce. Gawayin da maƙeran Dala suka hura, da kabon ɗin man Hotoro, da na naman jikinmu, duk ta wannan ƙuntatacciyar ƙofa suka biyo.

A 1957 Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey da Fowler da Hoyle suka tattara hanyoyin duka a maƙala guda mai shafi fiye da 100, yayin da Alastair Cameron a Kanada ya kai ga kusan abu ɗaya shi kaɗai. An ba Fowler kyautar Nobel a 1983, Hoyle bai samu ba.

Ga yadda abin yake a tauraron da ya ninka rana sau 25 a nauyi. Yakan ƙona haidurojin na wajen shekara miliyan 7. Tokar wannan wuta, hiliyam, ita ce itacen wuta ta gaba, wadda take yin shekaru dubu ɗari-ɗari tana ba da kabon da oksijin. Kabon ya ci na 'yan ɗaruruwan shekaru, oksijin na 'yan watanni, silikon kuwa, sinadarin yashi, kwana guda ne. Tauraron ya zama kamar albasa, ɓawo a kan ɓawo, a tsakiya ƙarfe. A nan wuta take mutuwa, domin ƙarfe toka ce da ba ta ci. Haɗa cibiyarsa da wata ba ya ba da zafi, sha yake yi. Da zarar wutar da ke tokare da nauyin tauraron ta ɗauke, cikin da ya kai girman duniyarmu yakan rufta cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ya koma ƙwallon da faɗinsa bai fi kilomita 25 ba. Sauran jikin ya tarwatse, kuma a cikin wannan tarwatsewar ake ƙera sabon ƙarfe da kuromiyam da danginsu, a watsa su sarari.

An ga wannan da ido. Ranar 23 ga Fabrairu 1987 wani tauraro ya fashe a wani ƙaramin gungu da ke maƙwabtaka da namu, haskensa ya yi tafiyar shekara 168,000 kafin ya iso. Masana suka bi dusashewar hasken wata da watanni, suka ga ta yi daidai da yadda nikel mai rauni yake rikiɗa ya zama kobal, kobal ya zama ƙarfe. Ƙarfen da wannan fashewa guda ta zubar ya ninka nauyin duniyarmu fiye da sau 20,000.

Akwai kuma wata irin fashewar, ta ƙaramin tauraro da ya mutu ya ƙanƙance, sannan ya jawo kaya daga maƙwabcinsa har ya fi ƙarfinsa. Irin wannan ce ta samar da fiye da rabin ƙarfen da ke gungun taurarinmu. Ɗaya daga cikinsu ta bayyana a ƙarshen Afrilu na shekarar 1006, kuma ba a taɓa rubuta labarin tauraro mai haskenta ba. Wani likita a Masar, Ali bin Ridwan, ya gan ta yana saurayi, ya kwatanta girmanta da ninkin Zara biyu da rabi zuwa uku. Ta kudu ta fito, inda mutanen Kano suka fi na Alƙahira samun ganinta sama da kyau. Bisa lissafin Palmer, Bagauda yana shekararsa ta bakwai a sarauta ke nan. Duk maƙerin da ya fito daga bakin tanderu a daren nan ya ɗaga kai, ya kalli inda ake yin abin da ya yini yana nema a cikin dutse.

Ƙarfen 1006 bai iso mu ba, yana can yana bazuwa. Namu daga taurarin da suka mutu ne kafin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, lokacin da ƙurarsu ta taru ta zama rana da duniya. Kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin duniya ƙarfe ne, mafi yawansa ya nutse can tsakiya, kaɗan ya saura a sama ya rina ƙasarmu ja. Wajen giram 4 yana cikin jikin kowane baligi, shi ne yake ɗaukar iska a jini. Da yawa daga cikinmu in suka ji wannan sukan tuna cewa a Alƙur'ani akwai sura sukutum mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid. Tafsiri na malamai ne, mu abin da ma'auni ya nuna muke kawowa.

Waɗanda suka fi ƙarfe nauyi

In wuta ta tsaya a ƙarfe, ina aka samo kuza da dalma da zinariya? Amsar tana wajen niyuturon. Shi ba a ture shi, yakan shige cibiya salin-alin, daga baya ya rikiɗa ya zama furoton, sinadarin ya hau taki guda. A cikin tsofaffin taurari da suka kumbura, wannan yana faruwa a hankali, niyuturon ɗaya yau, wani bayan shekaru. A 1952 Paul Merrill ya ga layukan wani sinadari mai suna teknitiyam a hasken irin waɗannan taurari. Sinadarin ba ya wuce 'yan miliyoyin shekaru yake lalacewa, taurarin kuwa sun kai biliyoyi, ke nan a cikinsu ake yin sa. Ta wannan hanya mai jinkiri aka samu mafi yawan dalma, da kaso mai tsoka na kuzan da mutanen Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, suke narkawa tun kafin zuwan Turawa.

Zinariya da yuraniyam kuwa sai an yi ruwan niyuturon kamar da bakin ƙwarya, a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urori a Amurka da Italiya suka ji girgizar karon wasu gawawwakin taurari biyu, irin ƙwallayen nan da ke saura bayan fashewa, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Madubin hangen nesa a faɗin duniya suka juya can, suka ga hasken sababbin sinadarai masu nauyi. Zinariyar 'yan kunnen amarya, da yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971, daga irin wannan tashin hankali suka fito.

Wanda yake son ganin ɗan misalin aikin niyuturon ba sai ya bar Arewa ba. Tun 2004 Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya take da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike. Akan saka ɗan samfurin ƙasa ko tama ko ganye, niyuturon su shige shi, sannan a karanta hasken da yake fitarwa a gane sinadaran da ke ciki. Irin waɗannan na'urori suna iya juya wani sinadari ya koma wani, amma ɗan mitsitsin da ko allura ba zai ƙera ba.

Daga Bompai zuwa Challawa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da sandunan ƙarfen Turai masu araha. Sannu a hankali tanderun tama suka mutu, maƙera suka koma kan guntayen dogo da sifirin mota. Daga baya masana'antu suka zo, Bompai da farko tun kafin 'yancin kai na 1960, Sharada da Challawa suka biyo baya. Tukwanen alminiyam, kwanukan sha, batir, fenti, roba, atamfa, fata: garin da ya fara da sinadari guda ya koma yana juya gommai.

A jima ne canjin ya fi fitowa fili. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke aiki, kuma abin da ke jeme fata a cikin bagaruwa haɗi ne na kabon da haidurojin da oksijin. In an zubar da ruwansa yakan yi wari, amma ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna warware shi, ya koma iska da ruwa. Manyan masana'antun fata kuwa da gishirin kuromiyam suke jima, hanyar da ta bazu bayan Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884. Tana gama aikin makonni a kwana ɗaya ko biyu, ta ba da fata mai laushi da jure ruwa, irin wadda kasuwar waje take so. Sai dai fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. A aikin da aka saba, kusan kashi ɗaya bisa uku yakan bi ruwa ya fita.

Nan ne tarihin taurari ya shigo mana gida. Kuromiyam sinadarin asali ne, furoton 24, an ƙera shi a zafin biliyoyin digiri. Ba ya ruɓewa, rana ba ta cinye shi, damina ba ta wanke shi daga duniya, sai dai ta matsar da shi gaba. Abin da zai iya yi kawai shi ne sauya kama, kuma ɗaya daga cikin kamanninsa, wadda yakan koma in an ƙona tarkacen fata, tana jawo ciwon daji. Ruwan Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara ya taru a dam ɗin Wasai. Na Sharada yana bin Salanta, ya haɗu da na Challawa a kogi. A bakin waɗannan ruwaye ake noman rani, latas da kabeji da alayyafo da tumatir, su kuma su biyo kasuwa su zo tukunyarmu. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyayen, sun kuma sha samun kuromiyam da dalma fiye da kima a wurare da dama.

Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya a Zamfara. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cike suke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Da aka zo gyara, babu wani magani da za a fesa ya kashe dalmar, domin ba rai gare ta ba. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, gida bayan gida, aka kwashe aka binne a rami, aka zubo sabuwa. Dalmar tana nan a ramin har gobe.

Wannan taurin kan nasu kuma shi ne alherinsu. Abin da ba ya lalacewa ana iya maido shi. Kuromiyam ɗin da ya bi ruwa ana iya kwantar da shi a tanki, a tace, a sake narkar da shi a jeme wata fatar, kuma masana'antun fata a ƙasashe da yawa haka suke yi. Mu da kuɗin waje muke sayo shi, daga ma'adinan da ake haƙowa a irin su Afirka ta Kudu da Kazakistan da Turkiyya, sannan mu zubar da sulusinsa a kogin da muke sha. Ko don aljihu ma ya kamata masu masana'antu da hukumomin muhalli su mayar da tace shi wajibi.

'Yan jari-bola sun riga mu gane wannan ba tare da sun shiga aji ba. Yaron da ke tura kura a lungunan Hotoro yana sayen tsohuwar fartanya da fasasshiyar tukunya ya san ƙarfe ba ya tsufa, siffarsa ce take tsufa. Abin da ya tara za a auna, a loda, a narka, ya dawo mana rodi. Ba mamaki a cikin rodin da mai waldan bakin titi yake ɗinkewa yau akwai ƙwayoyin da wani Bagaye ya ciro daga marmarar Dala, suka yi zamansu a garma, suka yi a ƙyauren ƙofa, yanzu za su shiga ginin wani. Kuromiyam ɗin da muka zuba a Challawa bana shi ma haka zai daɗe, kuma jikokinmu za su same shi a inda muka bar shi.